Yadda zaka gane matsayin tsohon sule ko kwabo daga yadda ya cinye

Jama'a bari in fara da ɓarnar da na yi da hannuna don kar wani ya maimaita. Lokacin da kakarmu ta rasu, Allah ya jiƙanta, da aka zo buɗe adudunta sai ga wani tsohon gwangwani a naɗe cikin tsumma cike da kuɗin da, anini da kwabo masu huji an zura su a zare kamar carbi, ga taro ga sisi ga sule har da fataka guda huɗu. Babu wanda ya damu da su a gidan, aka ce in ɗauka. Ni kuma da zumuɗi na samu toka da lemun tsami na zauna bakin rijiya na dirje su tas har suna ɗaukar ido, a zatona gyara na yi. Da na kai wa wani dattijo mai sayar da kayan da a kasuwa, ya ɗauki fataka ɗaya ya juya ta a rana sau biyu, ya ɗago ya ce "ɗana, wa ya wanke maka waɗannan?" Na ce Baba ni ne. Ya ce "to ka wanke kuɗinka." A gurinsa na fara koyon abin da zan faɗa muku, sauran kuma na tsinta a hankali wajen masu tara sulalla.

Abin da ake nufi da matsayin kwandala shi ne nawa ya rage na zanen da aka buga mata tun ranar da ta fito daga gidan buga kuɗi. Shi kenan. Ba tsufa ba ne, ba kuma ƙyalli ba. Kuɗin da ya yi yawo a aljihu da lalita da bakin zani yana gogewa, kuma ba ko'ina yake gogewa lokaci ɗaya ba, wuraren da suka fi tudu su ke fara ci, sannan cin ya gangara zuwa kwari. In ka san tudun kowace kwandala to ka gama rabin aikin.

Da farko haɗa kayanka, ba wasu masu tsada ba ne. Tawul mai laushi ka shimfiɗa a tebur saboda in ta suɓuce kar ta faɗi a siminti, fitila guda ɗaya mai haske sosai, da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo ko gyaran waya, wanda ke ƙara girma sau 5 zuwa 10 ya isa, wanda ya fi haka sai ya riƙa nuna maka aibun da babu mai damuwa da shi. In kana da ɗan sikeli irin na masu gwal to madalla. Wanke hannu ka shanya, ka riƙe kwandalar ta gefe tsakanin babban yatsa da manuniya, kar ka ɗora yatsa a fuskarta, gumi yana barin tambari kuma a jan ƙarfe baya fita. Kuma dan Allah kar kai ta magana a kanta, yawu ɗigo ɗaya baƙin tabo ne nan gaba.

Na biyu, kafin ka ce komai game da cinyewa, san abin da ka riƙe tukuna. Kuɗin Turawan mulkin mallaka masu huji sun fara fitowa a 1907, anini da kwabo, kuma aninin 1907 da wani ɓangare na 1908 na alminiyom ne, shi ya sa da wuya ka same shi lafiya, ƙarfen ba ya jure danshi, cin ruwa yake yi. A 1912 aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, a 1913 taro da sisi da sule da fataka na azurfa suka fito da kan Sarki Joji na biyar, daga 1920 aka koma yin su da tagulla mai ruwan ɗorawa saboda azurfa ta yi tsada bayan yaƙin duniya na farko. Daga 1938 kuma waɗannan huɗun suka fito da kan Joji na shida. Sai na Tarayyar Najeriya na 1959 masu kan Sarauniya Elizabet, sai Naira da kwabo daga 1 ga Janairu 1973. Me yasa wannan ke da amfani? Saboda azurfa tana da laushi tana saurin shafewa, tagulla kuma tana yin duhu da tabo tun kafin ta cinye, to in baka san ƙarfen ba zaka ga baƙin sule ka ce ya mutu alhali zanensa na nan garau. Ka kuma nemi ɗan ƙaramin harafi da gilashi, H ko KN, na kamfanonin Birmingham ne biyu da suka riƙa bugawa, in babu harafi to na gidan buga kuɗin gwamnatin Ingila ne. Harafin baya canza matsayi amma yana iya canza farashi sosai a wasu shekarun, don haka rubuta shi.

Na uku shi ne duba sheƙi, kuma nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Kashe sauran fitilun ɗakin ka bar guda, riƙe kwandalar a ƙarƙashinta ka riƙa karkata ta a hankali kana juyawa. Wadda bata yi yawo ba zaka ga haske yana zagaya fuskarta kamar hannun agogo, wannan shi ne sheƙin asali, yana zuwa ne daga wasu siraran layuka da ƙarfen ya yi lokacin da injin ya danne shi, ido baya ganinsu ɗaya-ɗaya. Da zarar hannu ya fara gogarta layukan sai su kwanta, sheƙin ya mutu a gurin, kuma babu abin da ke dawo da shi har abada. Wadda aka dirje da toka ko man goge ƙarfe tana ƙyalli ita ma amma ƙyallin bakin tukunya ne, ko'ina iri ɗaya, baya zagayawa, in ka sa gilashi sai kaga ƙananan ƙarce duk sun miƙe gefe guda. Nawa fatakan haka suka koma.

To yanzu ga asalin aikin, duba tudu. Bari mu ɗauki sule ko fataka na Joji na biyar tunda su aka fi samu a gidajenmu. Sarkin yana kallon hagu, da kambin sarauta a kansa da alkyabba a kafaɗa. Kai idonka kan ɗaurin kambin, wato zoben da ya zagaye goshinsa. A sabuwa fil akwai ɗigon lu'ulu'u guda takwas a jere biyu-biyu, da wani dutse mai kusurwa huɗu a tsakiya. Masu tara kuɗin Ostireliya ma da wannan suke ƙirga nasu tunda hoton sarkin iri ɗaya ne. Tsakiyar ɗaurin, saitin saman kunne, nan ne ƙololuwar tudu, nan ke fara shafewa. In ka ƙirga takwas cif kuma dutsen tsakiya kusurwoyinsa huɗu na nan da kaifinsu, kana riƙe da abu mai kyau. In shida ka gani da dutsen, ta yi yawo amma da sauranta. In dutsen ya narke ya haɗe da ɗaurin, lu'ulu'un na gefe-gefe kawai suka rage, ta sha hannu. In kambin ya zama sumul kamar hular kwano to sai dai tarihi. Bayan kambi sai gashin baki da gemu, silin gashin na rabe ko sun dunƙule sun zama fili ɗaya, sai kunne, sai sarƙar da ke kan alkyabba.

Juya ta baya. Bishiyar kwakwar manja ce a tsakiya, shekarar ta rabu biyu, 19 a hagu sauran a dama. Tudun nan su ne saƙar jikin kututturen da tsakiyar kan bishiyar inda ganyayyakin suka taso. A mai kyau kowane reshe zaka iya bin ƙananan ganyensa kamar haƙoran mataji, a wadda ta ci kututturen ya zama sanda sumul, rassan kuma inuwa kawai. Sannan rubutun da ke zagaye, haruffan sun tsaya da kansu ko sun fara haɗewa da baki.

Idan ka gama kallon nan sai ka sa mata suna. Haruffan da zaka gani 'yan kasuwar intanet na rubutawa, gajerun sunayen matakan ne a Turance daga mafi shafewa zuwa mafi kyau, su ne G, VG, F, VF, EF ko XF, AU, sai UNC ko MS na wadda bata taɓa yawo ba. Amurkawa kuma suna ƙara lamba daga 1 zuwa 70, wani mutum William Sheldon ya fito da tsarin a 1949 don tsoffin kwabbansu, daga baya aka shimfiɗa shi a kan komai. Na yawo duk suna tsakanin 1 da 58.

Can ƙasa, 1 zuwa 3, ita ce wadda ta shafe har sai ka karkata ta kafin ka gane ko sule ce, shekarar da ƙyar ko babu. G, wato 4 zuwa 6, kar sunan ya ruɗe ka don a Turance ma'anarsa mai kyau, wallahi ba wani kyau, kan sarki inuwa ne kawai babu komai a ciki, amma shekara da yawancin rubutu suna karantuwa. VG, 8 zuwa 10, baki ya fito ya rabu da haruffa, kambi ya nuna siffarsa, ɗan abin da ke cikin kwari ya rage. F, 12 zuwa 15, kusan rabin zanen na nan, rubutu duka garau, tsakiyar ɗaurin kambi a shafe, gemu fili-fili. Yawancin abin da ke cikin gwangwanayen kakanninmu tsakanin VG da F yake, kar ka ji haushi, kuɗin cefane ne ba na ajiya ba.

VF ita ce mai faɗi, daga 20 har 35, kuma a nan aka fi musu. Abin da nake dubawa shi ne cin ya tsaya a kan tudu kaɗai bai gangara ba, lu'ulu'u shida da dutsen tsakiya sun bayyana, ganyen kwakwa na rabe ko da kututturen ya ɗan lafa, in kai sa'a ma ka ga ɓurɓushin sheƙi a maƙale tsakanin haruffa inda yatsa baya kaiwa. EF, 40 zuwa 45, ido tsirara zai ce sabuwa ce, sai ka sa gilashi kaga ɗan lafawa a kan kambi da gashin baki, takwas ɗin nan duk suna ƙirguwa, sheƙi ya rage a wurare da dama. AU, 50 zuwa 58, zane cikakke, sheƙi kusan duka, illa in ka karkata ta a fitila sai kaga hasken ya yanke a kan ƙololuwar tudu, gurin ya ɗan yi toka-toka daban da sauran. Wannan ɗan yankewar kaɗai ta raba ta da wadda bata yi yawo ba, kuma bambancin kuɗi tsakaninsu ba kaɗan ba ne.

Abu biyu a nan. Ɗaya, in fuska VF ce baya kuma F, ni dai na ƙasan nake ɗauka, ko in rubuta duka biyun, don mai saye gurin da ya fi muni zai fara kallo. Biyu, 'yan Ingila sun fi Amurkawa tsanani, abin da ɗan Landan zai kira EF sau da yawa Ba'amurke AU zai ce masa, to in kana kwatanta farashi ka duba daga ina mai tallar yake. Kuma ka sani mai kaya kullum mataki ɗaya yake ƙara wa nasa, ni ma haka nake, shi ya sa in na sa suna sai in ajiye ta sai washegari in sake dubawa da sabon ido, sau tari sai ta sauko.

Su kuma masu huji, anini da ɗari, wato rabin kwabo, da kwabo, babu kan sarki a jikinsu don haka ba zancen gemu. A fuska akwai kambi a saman hujin, sunan sarki a zagaye, da rubutun Larabci a ƙasa, a baya kuma tauraro mai tsini shida. Ka duba ƙananan ɗigon da ke kan kambin, ka duba layukan tauraron inda suka haye juna ko har yanzu ana gane wanne ke sama wanne ke ƙasa, sannan ɗigon haruffan Larabcin, suna saurin ɓacewa. Wani abin da namu suke da shi na daban shi ne cin zare, tunda a zure ake ajiye su shekara da shekaru bakin hujin yana lashewa, su kuma suna gugar juna fuska da fuska, sai kaga tsakiya ta shafe baki na nan lafiya. A cikinsu ne zaka iya cin karo da na 1936 mai sunan Edward na takwas, sarkin da ya sauka daga mulki a shekarar kafin a naɗa shi, Ingila kanta bata fitar da kuɗinsa ga jama'a ba amma namu sun fito tunda ba a buƙatar hotonsa. Kar ka fara lissafin sayen fili, miliyoyi aka buga, matsayinsa ne kawai zai ɗaga shi.

Na zamanin Naira ba sai na ja ba, hanya ɗaya ce. A tambarin ƙasa ka duba ƙirjin mikiya da kafaɗun dawakan nan biyu, a bayan kwabo 25 na 1973 ka duba dalar gyada ko buhunan na rabe, a Naira ɗaya ta 1991 kuma fuskar Herbert Macaulay, gashin bakin nan nasa. 'Yan uwanmu na Nijar masu tara tsoffin dala, su duba ƙahon barewar da ke jiki da goshinta.

Akwai wani tarko da sai ka daɗe kake gane shi, wato raunin bugu. Wani lokacin injin bai danna da ƙarfi ba ko hatimin da ke buga zanen ya tsufa, sai kwandala ta fito sabuwa amma tsakiyar kambin a lafe. Yadda zaka bambance, in lafawar daga gidan bugu ce sheƙi na nan a kan gurin da ya lafa kuma launinsa ɗaya da kewaye, in cin hannu ne gurin ya dushe launinsa ya sauya. Kuma cin hannu yana tafiya fuska da baya tare, ba zai cinye kambi kaf ya bar kwakwa da kaifinta ba.

Daga nan sai lissafin aibu, wanda daban yake da cinyewa. Juya ta ka bi gefe kaf, ka nemi inda ta faɗi ta lotsa, ka nemi alamar dalma ko inda maƙeri ya liƙa mata kunne, don sule da fataka na azurfa da yawa sun zama ɗan kunne da sarƙa da adon kitson matan Fulani, daga baya a cire kunnen a goge gurin. Huji a kwandalar da ba a yi ta da huji ba, zane da wuƙa, lanƙwasa, koren tsatsa mai cin ƙarfe, wanki, duk aibu ne. Kamfanonin Amurka da ke tantancewa su rufe a roba, PCGS da aka kafa 1986 da NGC 1987, in sun ga irin wannan basa ba da lamba, sai su rubuta matsayin zanen su ƙara da cewa an wanke ko an huda. Kai ma haka zaka yi, ka ce zanen VF ne amma an dirje. Duhun da azurfa ke yi da kanta kuwa ba aibu ba ne, masu saye sun fi son shi. In kana shakkar jabu, kuma an yi jabun sule sosai a zamanin Turawa, ɗora a sikeli, sule giram 5.6 da ɗan ɗoriya ne fataka 11.3, cinyewa tana rage kaɗan ne kawai, in ragin ya yi yawa ko kaga fuskar da ƙuraje-ƙuraje kamar an zuba ta a kasko to ajiye ta gefe. Haka babbar azurfar nan mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, da ake samu a kayan tsofaffi, kar shekarar 1780 ta ruɗe ka, an ci gaba da buga ta da wannan shekarar har zamaninmu, a nan ma lu'ulu'un maɓallin kafaɗarta da na kambin goshinta ake ƙirgawa.

Ƙarshen aiki, rubuta a takarda, ƙasa, shekara, harafi, ƙarfe, matsayin fuska, na baya, aibu. Ɗauki hoto bakin taga da rana ba tare da filashi ba, gaba da baya da gefe, ka buɗe hotunan irinta waɗanda aka riga aka tantance a intanet ka jera su da taka, wannan kwatancen ya fi duk bayanin da na yi saurin koyar da ido. In kana da guda goma iri ɗaya jera su a tawul daga mafi shafewa zuwa mafi kyau, da kanka zakaga matakan sun fito. Ajiya kuma kowace a 'yar ambulan ɗinta ta takarda, kar a zuba su gwangwani ɗaya suna kaɗa juna, kar a sa a leda mai laushin nan don tana sa musu kore mai danƙo in zafi ya yi, kuma nesa da danshin damina. In ƙasa ce ta kama ta, jiƙa ta a ruwa mai tsafta kawai ka ɗora a tawul ta bushe, banda gogawa ko da da yatsa.

Cikin gwangwanin kaka sule ɗaya ce ta tsira daga hannuna, ta maƙale a cikin tsumman ban gan ta ba sai bayan wata biyu, ta 1913 ce, ta yi baƙi-baƙi kamar gindin shayi. Na koma da ita gurin dattijon nan a naɗe a takarda, ya sa gilashinsa ya daɗe yana ƙirgawa da leɓe, ya ce "shida, da dutsen. Wannan kar ka sayar, kuma kar ka kai ta bakin rijiya."